Ashafa da Bakan Wili

Duk wanda ya zauna a Madabo ko da na wata ɗaya ne ya san Ashafa, kuma ba don wani abin kirki da ya taɓa yi ba. Baki Allah Ya ba shi, Ya hana shi sauran. In ka ce ka hau jirgin sama, zai ce shi ya nuna wa direban hanya. In ka ce haƙori na damun ka, zai ce shekara uku ya yi yana cire wa mutane haƙori a Damagaram, alhali iyakarsa Dawakin Tofa, can ɗin ma ɗaurin aure ya kai shi. Shekararsa arba'in da biyu, ga tumbi, ga hula a karkace, kuma har yau babu abu ɗaya da ya fara ya ga ƙarshensa.

Rumfar da yake zama a Ƙofar Wambai ba tasa ba ce. Ta yayarsa ce, Hajiya Zinariya, wadda ta kafa ta da guminta tana sayar da labule da zannuwan gado na gwanjo. Da ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida, ta damƙa masa mukulli don ya samu abin ciyar da iyalinsa. Sau biyu yana neman kifar da rumfar. Na farko ya kwaso takalman yawo a kan ƙanƙara, ya ce 'yan acaɓa za su yi rububinsu. Na biyun ba a faɗa, domin ko ita Hajiyar in an tuna mata sai ta nemi maganin hawan jini.

Wata Litinin ta ba shi kuɗi ta aike shi wurin dilan gwanjo ya zaɓo mata ɗaurin labule, saboda lokacin bukukuwa ya matso. Da la'asar sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gidanta, Ashafa ya fito yana jan wasu dogayen akwatuna biyu baƙaƙe, baki har kunne.

"Ina labulen?" in ji Hajiya Zinariya.

"Yaya, manta da labule. Labule sana'ar masu ƙaramin tunani ce. Buɗe idonki ki ga arziki."

Ya ɓalle akwatin farko. Bakuna uku ne na Turai, kowanne an raba shi gida uku, mariƙi daban, hannuwa biyu daban, ga kibau dogaye baƙaƙe masu fikafikan roba. Ya ɓalle na biyu. Wannan guda ɗaya ne, gajere, mai nauyi, da wili a sama da wili a ƙasa, igiyoyi sun sarƙe a tsakani.

Hajiya ta daɗe tana kallo. "Wannan kuma keken guragu ne ko injin taliya?"

"Baka ne, Yaya! Bakan wili. Duk maharban da ke gadin rumbunan hatsi a Dawanau da icen dawa suke harbi, kamar zamanin jahiliyya. Ranar da suka ga wannan, layi za su yi. Nan da Sallah sunana ya koma Ashafa Mai Baka, kwantena zan riƙa saukewa."

"Kai da ko danƙon harbin tsuntsu ba ka taɓa riƙewa ba?"

"Harbi a jini yake. Kin manta Kaka?"

"Kaka ɗinkin hula yake yi, Ashafa. Ranar da ɓera ya shiga wandonsa sai da aka yi masa rubutu ya sha."

"Da rana ne yake ɗinki."

Hajiya ta ja tsaki mai tsawo, ta gyara zama. "To saurara, don ba zan maimaita ba. Mako biyu na ba ka. In tarkacen nan ya fita lafiya ka mayar min da labulena, ban ce komai ba. In kuwa ka ja min abin kunya a kasuwar da na yi shekara ashirin ana ganin mutuncina, wallahi ka kawo min mukullina. Ba wasa nake ba."

Gaban Ashafa ya faɗi, domin ya san Yaya ba ta rantsuwa a banza, kuma ban da rumfar nan ba shi da wurin zuwa da safe. Amma bakinsa bai san tsoro ba. Ya ce mako biyu ai ya yi yawa, ta rage.

Washegari ya baje kayan a gaban rumfa, 'yan layi suka taru. Ya ɗaura hannuwan baka ɗaya a jikin mariƙi, sai ya ga bakin kowane hannu ya lanƙwashe. Shi kuwa a saninsa, inda baka ya rusuna nan ake ɗaura tsirkiya, haka ya gani a hannun 'yan farauta tun yana yaro. Saboda haka ya bi lanƙwasar ya maƙala tsirkiya, bakan ya yi ciki kamar ƙwaryar da aka raba biyu.

Maƙwabcinsa Abdulhakeem, mai sayar da jakunkunan makaranta, ya matso da waya a hannu. "Yallaɓai, na duba. Irin wannan mai lanƙwasa, ta baya ake tanƙwaro shi, bakinsa ya kalli gaba. Kai a baibai ka ɗaura. Ga hoto ka gani."

Ashafa ya kalli hoton a wulaƙance. "Baturen ne ya ɗauki hoton a juye."

"Ga bidiyo ma."

"Shi ma a juye yake. Kai Abdulhakeem, ka tsaya a zif ɗin jaka. Wannan harkar maza ce."

Ya ɗora kibiya, ya auna wani buhun tsumma a ƙarshen layi, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan, ya saki. Tsirkiya ta suɓuce daga bakin bakan ta zabga masa a kunne. Kibiya ta yi tsalle taku uku, ta faɗa cikin ƙwaryar Jummai mai fura, ta tsaya a tsaye tsakiyar nono.

Layi ya kaure da dariya. Jummai ta zaro kibiyar ta girgiza. "Malam Ashafa, da ka ce min ludayi za ka kawo, da na bar nawa a gida."

"Kun gani ko?" in ji Ashafa, yana murza kunne. "Da ma gwada muku nake. Wannan mai lanƙwasa bakan mata ne, Turawa na ba 'yan makaranta su yi wasa. Ku jira ku ga na maza."

Ya ɗauko bakan wili ya ja. Tsirkiya ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito, gumi ya keto masa, hula ta faɗi. Ya ce iska ce ba ta dace ba. A karo na uku ya tattaro duk tuwon da ya ci a rayuwarsa ya fizga, sai wilin nan suka juya, nauyin ya sake shi gaba ɗaya, domin haka irin bakan yake: farkonsa wuya, ƙarshensa sauƙi. Ashafa bai san da wannan ba. Ya tafi da baya ya zauna daɓas a kan benci, yatsu suka buɗe.

Ba wanda ya ga tafiyar kibiyar, ƙara kawai aka ji. Ta shige rumfarsa, ta ratsa ragowar labulen Hajiya guda shida da ke rataye a jere, masu tsadar, ta fasa langa-langa, ta je ta tsire jakar makaranta mai hoton zomo a rumfar Abdulhakeem. Mai shayi ya kwanta a ƙasa yana salati. Wani ɗan dako ya yar da kaya ya ari na kare.

Malam Shehu, shugaban 'yan kasuwar layin, ya iso yana haki. "Ashafa! Kasuwa ce nan ko dajin Falgore? In na sake ganin ka ɗora kibiya a layin nan, da kaina zan je wurin Hajiya."

"Allah Ya huci zuciyarka, Malam. Amma tsakaninka da Allah, ka ga ƙarfi? Labule shida!"

"Labulen wa?"

Ashafa ya sunkuya yana neman hularsa. Da jama'a suka watse ya sauke labulen ya ninke su ta yadda hujin zai shige ciki, ya tura ƙarƙashin tebur.

A gida ma bai bar mutane sun huta ba. Ya taɓa jin cewa maharba na shafa wa baka mai don kada ya bushe, saboda haka ya kwashe man shanun da matarsa Sa'ida ta ajiye don miyar kuka, ya mulke bakan wili tun daga sama har ƙasa, har cikin ramukan wilin. Ya ɗaura masa laya biyu da wutsiyar akuya. Ya rataye shi a saman murhu ya sha hayaƙi kwana uku, daga nan ya shanya shi a rana a kan kwano. Kafin mako ya cika kiyashin Madabo kaf sun yi ƙaura zuwa ɗakinsa.

"Malam," in ji Sa'ida, tana karkaɗe tabarma, "shi wannan abin harbi za a yi da shi ko ƙuli-ƙuli za a soya?"

"Mace ba ta shiga sirrin maharba."

"Sirrin ne ya cije ni a ƙafa."

Tun da an hana shi kasuwa, sai ya yanke shawarar kai kasuwar wurin masu saye. Ya nemi Baba Ɗanjuma, tsohon maharbin da ke shugabantar masu gadin rumbunan Dawanau, wani siririn dattijo mai furfura wanda ba ya magana sai ta zama dole. Ashafa ya shafe sa'a guda yana zuba. Baba ya saurara yana tauna goro, a ƙarshe ya ce, "To. Ma zo mu gani."

Wannan "ma zo mu gani" ita Ashafa ya ɗauka ya zagaye gari da ita. Kafin kwana biyu ya gaya wa kowa cewa maharban Kano da Jigawa sun yi odar baka ɗari. Ya sa aka yi shela a majalisu cewa ranar Lahadi bayan la'asar, a filin ƙwallon da ke bayan badala wajen Ƙofar Dawanau, za a gwada bakan mata da bakan maza, kowa ya zo ya ga bambanci. Ya yi hayar lasifika. Ya sayi kabewa ƙatuwa ya ɗora a kan durom. Har gida ya je ya gayyaci Hajiya Zinariya, ya ce ta zo ta ga yadda ake kasuwancin zamani. Ta ce za ta zo, da ma akwai labule shida da take son su yi magana a kai, domin labari ya riga ya iso mata.

Ranar Lahadi filin ya cika. 'Yan Ƙofar Wambai sun zo, 'yan Madabo sun zo, masu rake da masu gyaɗa sun kafa kasuwa. Hajiya ta sa an tsayar mata da a-daidaita-sahu a gefe, ta zauna ciki da sandarta. Baba Ɗanjuma ya iso da mutanensa goma sha biyu, riguna duk layu, kowa da kwari a kafaɗa, karnuka biyu na biye.

Ashafa ya fito cikin wata rigar farauta da ya aro, wadda ta ƙi rufe tumbi. Ya karɓi lasifika ya fara yi wa kansa kirari, tun da ba wanda ya yi niyyar yi masa.

"Ni ne Ashafa na Zinariya, dodon dawa! Na harbi sauro a ido, na bar masa ɗayan ya ga hanya! Zaki ya gan ni ya ce ina kwana!"

"Ɓera fa?" Hajiya ta ɗaga murya daga cikin keke. Waɗanda suka san labarin Kaka suka fashe da dariya.

Ashafa ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga baka mai lanƙwasa, ɗaure a baibai kamar kullum. "Jama'a, ga na farko. Ba wili, ba inji, ba ƙarfi. Ku duba." Ya ja kaɗan, yana kare kunne da kafaɗa, ya saki. Kibiya ta faɗi a gabansa kamar an yar da tsinke. Ɗaya daga karnukan ya je ya shinshina ta ya dawo.

"Kun gani? Wannan ko kaza ba zai tayar daga barci ba. Ni ɗan kasuwa ne mai mutunci, ba na sayar wa maza kayan wasa. Baba, ga su nan guda uku, na ba ku kyauta. Ku kai wa jikoki."

Baba Ɗanjuma ya dube shi. "Kyauta ka ce?"

"Kyauta! Jama'a ku shaida."

"Mun shaida!" in ji fili.

Wani maharbi mai faɗin kafaɗa ya ce, "To Alhaji, ba gyara? A kasuwa in an ba mutum kaya ai akan ɗora masa ɗan wani abu."

Kalmar Alhaji ta shiga kan Ashafa ta zauna. Ya kwashi damin kibau ya watsa musu, ya rage uku kacal. "Ku ɗauka. Mai bakan wili kibiya ɗaya ta ishe shi. Biyun ma don ado na riƙe."

Abdulhakeem ya dafe kai. Hajiya ta fara jan carbi da sauri.

Baba Ɗanjuma ya karɓi bakan ya juya shi, ya shafa hannuwansa, ya danna bakin da babban yatsa ya ga yadda yake turowa. Bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya yi shekara hamsin yana tanƙwara ice. Ya cire tsirkiyar a hankali. Ya saƙala ƙafa, ya jingina bakan a cinya, ya tanƙwaro shi ta ɗaya ɓangaren, ya mayar da tsirkiya. Nan take bakan ya miƙe ya yi kyau, bakinsa biyu suna kallon gaba, tsirkiya ta ɗaure tamau.

"Baba, ai a baibai ka ɗaura shi," in ji Ashafa. "Zai karye."

Baba ya gyara tsayuwa. Ya tofar da goro, ya ɗora kibiya, ya ja har kunne ya saki. Kabewa ta yi tsalle a kan durom, kibiya ta shiga ta gaba ta leƙo ta baya. Ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma ya harba, ta zauna kusa da ta farko. Kafin ka ce me, an juya sauran biyun, maharba na karɓa hannu da hannu, kabewa ta koma kamar bushiya. Fili ya ɗauki sowa.

"Kai, wannan baka ne!" in ji mai faɗin kafaɗa. "Ba nauyi, ba ƙara, ga shi ana kwance shi a sa a buhu. Ko nawa aka ce mana da mun saya. Allah Ya saka da alheri, Alhaji!"

Ashafa ya lissafa kuɗin bakuna uku a ransa. Ya matsa kusa da Baba ya rage murya, ya manta bai kashe lasifikar da ke hannunsa ba. "Baba, kyautar nan fa, da ma irin ta talla ce. A gwada a dawo da shi."

Maganar ta fita har bakin titi.

"Mun shaida!" fili ya sake amsawa, har da masu rake.

Baba ya ce, "Jikokina sun gode."

Saura bakan wili, kuma saura mutunci ɗan kaɗan. Ashafa ya ɗauko shi, man shanu na naso, wutsiyar akuya na lilo, kiyashi na sintiri a kan igiya. "Wancan duk wasan yara ne! Wanda ya ga aikin wannan zai zubar da wancan a kwata. Baba, faɗa musu."

Baba ya karɓa ya ja sau ɗaya, ya mayar a hankali ba tare da ya saki ba, ya goge hannunsa a riga. "Yana da ƙarfi. Kuma in ka ja shi ya kai, yana hutar da hannu, mutum zai iya daɗewa yana jiran nama. Wannan gaskiya ne. Amma igiyarsa ta sha wuta, ga ta nan tana tashi. Kuma in ya lalace min a dawa, wa zai gyara? Sai na nemi bakanike? Wancan kuwa ƙafata ce bakanikensa."

"Tsoron zamani ne kawai," in ji Ashafa. Ya fizge bakan.

Kibiya ta farko ta tashi sama ta haye badala, ba a sake jin labarinta ba. Ta biyu, mariƙin ya zame masa saboda mai, ta nufi gefe ta huda jarkar mai sayar da ruwa, ruwa ya yi ta tsiyaya mutumin na zagin dangin wanda ya ƙera baka. Jama'a suka ja da baya, wasu suka ɓuya bayan durom, domin sun lura nan ne wurin da ya fi aminci. Ta uku ta shige cikin lasifikar hayar da ya ajiye a ƙasa, ta yi ƙara ɗaya ta mutu.

Kabewa na nan ba abin da ya same ta daga wajensa.

"Ku ara min kibiya ɗaya," in ji Ashafa.

Maharba suka dubi sama, suka dubi karnuka.

"Ɗaya tak. Tawa ce fa!"

"Da ke nan," in ji mai faɗin kafaɗa.

A nan ne ɗan kasuwar da ke cikin Ashafa ya motsa. A Ƙofar Wambai ba a sayar da kaya sai mai saye ya ji lafiyarsu: rediyo a kunna, zif a ja, labule a karkaɗe shi ya yi fat. Ya juyo ga jama'a ya buɗe murya.

"Ba sai da kibiya ba! Kaya mai kyau daga kukansa ake gane shi. Ku yi shiru ku ji yadda bakan maza yake kuka."

"Kada ka sake shi babu kibiya," in ji Baba Ɗanjuma, kuma karo na farko ya ɗaga murya. "Ƙarfin ba shi da inda zai tafi, kansa zai ci. Ko namu na ice ba a yi masa haka."

"Yallaɓai, haka aka rubuta a nan ma!" Abdulhakeem ya ɗaga waya.

"Naku na ice ke nan," in ji Ashafa. "Wannan na Turai ne."

Ya ja, ya ja, wili suka juya. Ya tsaya ya waiga wajen keken Hajiya don ya tabbatar tana kallo. Ya saki.

Bakan ya yi kuka, ba a hana shi ba. Ƙara ce kamar tayar babbar mota ta fashe. Igiyoyi suka tsinke suka watse, hannun sama ya tsage biyu, wili ɗaya ya yi gabas yana gudu a ƙasa karnuka na bin sa, ɗayan kuma ya dawo kai tsaye ya sami Ashafa a leɓe. Ya zauna a ƙasa, mariƙi kawai a hannunsa, wutsiyar akuya a kan hularsa.

Aka yi tsit na ɗan lokaci, don a tabbatar yana da rai. Da aka ga ya motsa, dariyar da ta tashi har masu wucewa a titi sai da suka tsaya. Jummai mai fura ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Malam Shehu yana cewa a bari, a bari, hawaye na zubo masa. Baba Ɗanjuma ya duba leɓen, ya ce ba a rasa haƙori ba, a sa gishiri. Ya tattara mutanensa suka tafi da bakuna uku a kafaɗa suna yi wa Alhaji addu'ar Allah Ya ƙara buɗi.

Kafin Ashafa ya miƙe, leɓensa na sama ya kumbura ya rufe na ƙasa. Ya hango Hajiya Zinariya ta sauko daga keke, tana dogara sanda, tana tahowa a hankali, jama'a na buɗa mata hanya. Tsoro ya kama shi na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Yana da bayani a shirye, har guda uku: iska, sharrin maƙiya, da kuma Baturen da ya ɗaura wilin a juye. Ya buɗe baki.

"Bububu," in ji Ashafa.

"Na'am?" Hajiya ta karkato kunne.

"Bu... bubu."

Ta miƙe ta dubi jama'a. "Ku shaida, ban hana shi magana ba." Sannan ta shimfiɗa masa tafin hannu.

Ya duba hagu, ya duba dama, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ya laluba aljihun rigar aro, ya zaro mukullin, ya ɗora mata. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ƙulli biyu. Daga nan ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki tsagaggen hannun bakan da ke ƙasa, ta kaɗe masa ƙasa, ta saƙale a hammata.

Abdulhakeem ya ce, "Hajiya, wannan ai ya gama aiki. Me za ki yi da shi?"

"A bango zan rataye shi," in ji ta. "Shekara arba'in ina neman abin da zai rufe wa yaron nan baki. Ban taɓa sayen kaya mai albarka irin wannan ba."